Yadda ake sayen ƙaramin jirgin sama a Amurka a ba da shi haya domin tara awannin tuƙi

Matasanmu da ke koyon tuƙin jirgin sama a Amurka, da waɗanda ke shirin tafiya, sun sha tambaya ko da gaske mutum zai iya sayen ƙaramin jirgi, ya miƙa wa makarantar koyon tuƙi ta riƙa ba da shi haya, kuɗin hayar kuma ya riƙa biya masa awannin da yake tashi. Da gaske ne ana yin haka, kuma ƙananan makarantu da dama a can da jiragen mutane suke aiki. Abin da ke kai mutum ga wannan tunani shi ne yawan awannin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ke nema: aƙalla awa 40 kafin lasisin farko, awa 250 kafin lasisin tuƙi na neman kuɗi, sannan tun 2013 sai da awa 1,500 ake zama mataimakin matuƙi a kamfanin jigilar fasinja, in ban da waɗanda suka fito daga soja ko wasu jami'o'i da aka yi wa ragi. Kowace awa kuɗi ce, kuma hayar jirgi mai kujera huɗu a yau tana kaiwa dala 150 zuwa 200.

Bayanin nan na Amurka ne, domin a can ne kasuwar tsofaffin jirage da makarantu da kanikawa suka wadata. A gida Najeriya man ƙananan jirage kansa wahalar samu yake yi, abin da ya sa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ta koma wa jiragen Diamond masu shan mai irin na manyan jirage. Abu guda da ya kamata a riƙe tun daga farko shi ne, wannan tsari yana rage tsadar awa ne kawai, ba kasafai yake barin riba ba, kuma wanda ya saɓa jerin matakan, musamman ya sayi jirgi kafin ya sami makaranta, shi ne ya fi shan wuya.

Mataki na 1: Tabbatar doka ta yarda ka mallaka

FAA ba ta yi wa kowa rajistar jirgi. Tana yi wa ɗan ƙasa, da mai katin zaman dindindin, da kamfanin da aka kafa a ƙarƙashin dokar Amurka idan jirgin zai yi aƙalla kashi 60 cikin 100 na awanninsa a cikin ƙasar. Wanda bai shiga ɗaya daga cikin waɗannan ba yakan bi ta hanyar amintacce, wato wani kamfani ɗan ƙasa ya riƙe rajistar da sunansa a madadin mai jirgin, ana biyansa kuɗin shekara. Ban da wannan, duk baƙon da zai koyi tuƙi sai hukumar tsaron sufuri ta Amurka, wato TSA, ta tantance shi kafin a fara ba shi darasi.

Gargaɗi: mai bizar ɗalibta, musamman M-1 da makarantun tuƙi suka fi bayarwa, an hana shi aiki. Mallakar kadara daban, gudanar da harkar da ke kawo kuɗi daban, kuma iyakar da ke tsakaninsu lauyan shige da fice ne zai nuna maka ita a rubuce. Kada ka dogara da maganar manajan makaranta a kan wannan, domin shi jirgi yake nema, ba shi za a soke wa biza ba.

Mataki na 2: Yi lissafi a takarda

Kafin ka kalli hoton jirgi ko guda, zauna ka raba kuɗin kashi biyu: waɗanda ke fita a kowace awar tashi, da waɗanda ke fita ko jirgin bai motsa ba. Ga misali da ƙiyasi, wanda dole ka sauya alƙalumansa da na garin da kake.

A ce makaranta tana ba da jirginka haya a kan dala 170 a awa har da mai, tana cire la'adarta kashi 20 cikin 100, wato dala 34, saura 136. Cessna 172 yana shan kusan galan 8 a awa; idan galan yana dala 6.50, mai ya ci 52, saura 84. Garambawul ɗin inji, a ce dala 36,000 bayan awa 2,000, yana nufin ajiye dala 18 a kowace awa, saura 66. Juyen baƙin mai da tayoyi da birki da binciken da doka ta wajabta, a ce dala 30, saura 36. Wannan dala 36 ita ce abin da kowace awar haya ta bar maka. A ɗaya ɓangaren kuma akwai inshora, da kuɗin wurin ajiye jirgi, da sabunta taswirar na'urori da sauran ƙananan abubuwa, a ce dala 13,000 a shekara. Raba 13,000 da 36, za ka ga sai jirgin ya yi kusan awa 360 na haya a shekara, wato awa 30 a wata, kafin ya riƙe kansa. Idan ya yi awa 60 a wata, rarar za ta kusa dala 13,000, kuma tun da awarka ta kanka tana cin kusan dala 100 na mai da gyara da ajiyar inji, ka sami kusan awa 130 kyauta a shekara. Idan kuwa awa 20 kawai ya yi a wata, kai ne za ka cika sama da dala 4,000 daga aljihunka, ba ka ma tashi ba tukuna.

Duk wannan lissafin na wanda ya saya da kuɗi hannu ne. Bankunan da ke ba da rancen jirgi sukan nemi kafin alƙalami na kashi 15 zuwa 20 cikin 100, da ruwa a kai, kuma wasunsu ba sa yarda da jirgin da za a sa a makaranta. Wanda ke gudun kuɗin ruwa ya fi masa sauƙi ya nemi abokan tarayya biyu ko uku su haɗa kuɗi, da sharaɗin a rubuta rabon kowa da yadda mutum zai fita.

Gargaɗi: idan awa 150 ko 200 kawai suka rage maka, bambancin hayar jirgin wani da tashi da naka bai wuce dala 70 a awa ba a misalin nan, wato dala 14,000 gaba ɗaya. Gyara babba guda ɗaya zai iya cinye wannan. A ganina saye ya fi dacewa da mai niyyar riƙe jirgin shekara biyu zuwa sama.

Mataki na 3: Nemo makaranta kafin jirgi

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Harkar ta yi kama da ba da adaidaita sahu ga direba yana kawo balas: ingancin mashin ba ya hana asara idan wanda aka ba wa ba shi da fasinja ko ba shi da amana. Je makarantar da kanka a ranar aiki da kuma ranar Asabar, ka dubi jadawalin jiragensu. Nemi su nuna maka awannin da kowane jirgi ya yi a wata-wata na shekarar da ta wuce, ba jimillar shekara ba, domin a jihohin arewa hunturu kan zaunar da jirage makonni, alhali Florida da Arizona da Texas ana tashi kusan duk shekara. Tambayi jirage nawa ne mallakin makarantar, nawa ne na mutane, domin idan ɗalibai suka yi ƙaranci, jirgin da makaranta ke cin kuɗinsa duka shi za a fara turawa, naka ya zauna a rana.

Sannan ka nemi a haɗa ka da masu jirage biyu ko uku da ke cikin tsarin, da wanda ya riga ya janye nasa in zai samu. Abin tambaya ba shi da yawa: ana biya a kan lokaci, ana sanar da su kafin a yi gyara mai tsada, kuma takardar lissafin wata tana fitowa dalla-dalla? Leƙa rumfar gyara ka ga yadda kanikawa ke ajiye kayan aiki, ka buɗe ƙofar jirgi ɗaya ka dubi kujeru da bel da ƙasan ƙafa. Yadda ka ga jirgin wani haka naka zai koma bayan shekara guda. A ƙarshe ka tambaye su wane irin jirgi suke buƙata, da waɗanne na'urori, kuma su faɗa maka a rubuce.

Mataki na 4: Zaɓi jirgin da ake nema

Jirgin makaranta ba a zaɓensa don ƙawa. Cessna 172 shi ne aka fi nema, an ƙera fiye da 44,000 tun daga 1956, kowane bakanike ya san shi, kayan gyaransa kuma suna ko'ina. Piper Warrior da Archer suna biye. Cessna 150 da 152 masu kujera biyu sun fi araha, suna shan kusan galan 6 a awa, amma malami da ɗalibi masu jiki ba sa shiga da cikakken mai, don haka wasu makarantu ba sa son su. Tun bayan 2020 farashi ya tashi ƙwarai: 172 na shekarun 1970 mai lafiya yakan kai dala 80,000 zuwa sama da 130,000, sabo kuwa ya haura 400,000. Ka guji jirgi mai naɗe tayoyi ko mai inji biyu a sayen farko, domin inshorarsa da gyaransa sun fi ƙarfin mai farawa.

Inji shi ne babban kaso na kuɗin tsohon jirgi. Lycoming O-320 da ke kan 172 na shekarun 1970 an ƙayyade masa awa 2,000 kafin garambawul, ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Continental O-200 na Cessna 150 kuwa awa 1,800. Injin da ya yi awa 500 zuwa 1,000 kuma ana tashi da shi a kai a kai shi ya fi dacewa. Dubi na'urori kuma: tun 1 ga Janairun 2020 sai da na'urar ADS-B, mai sanar da inda jirgi yake, ake shiga sararin manyan filaye, kuma jirgin da ke da GPS da aka amince a yi tuƙin na'ura da shi, wato tuƙi da kallon na'urori ba tare da ganin waje ba, zai samu ɗalibai masu neman wannan shaida, waɗanda ke tashi ko da rana ba ta fito ba.

Gargaɗi: ƙarancin awanni a kan inji ba koyaushe ne alheri ba. Injin da ya yi awa 300 a cikin shekara 15 ya fi wanda ya yi awa 1,200 a shekara 4 hatsari, domin zama yana sa tsatsa ta kama kamshaf, ƙarfen da ke buɗe bawul, wanda a injin Lycoming yake sama inda baƙin mai ke tsiyayewa ya bar shi a bushe. Haka kuma 172N na 1977 zuwa 1980 ya zo da injin O-320-H2AD da ya yi suna wajen matsalar kamshaf, sai a tabbatar da abin da aka yi masa.

Mataki na 5: Karanta takardun jirgin

Kowane jirgi yana da littafin tarihin gangar jiki, da na inji, da na farfela. Nemi mai sayarwa ya ɗauki hoton kowane shafi ya turo maka tun kafin ka sayi tikitin zuwa gani. Bi shekarun ɗaya bayan ɗaya ka ga ko akwai giɓi, ko shekarun da ba a yi binciken shekara ba, ko inda aka ce littafi ya ɓata aka buɗe sabo. Jirgin da littafinsa ya ɓata darajarsa tana faɗuwa sosai, kuma ranar da za ka sayar kai ma za a rage maka. Nemi fayil ɗin jirgin daga ofishin rajista na FAA da ke Oklahoma City, inda ake ajiye fom 337 na duk wani babban gyara ko sauyi, sannan ka sa lambar jirgin a rumbun bayanan hatsari na hukumar binciken hatsarin sufuri ta NTSB. Tsohon hatsarin da aka gyara da kyau aka rubuta ba abin tsoro ba ne. Wanda aka ɓoye shi ne abin gudu.

Akwai kuma umarnin gyara na tilas da FAA ke fitarwa, waɗanda ake kira AD. Bakanike zai jera maka waɗanda suka shafi jirgin, da waɗanda ake maimaitawa. A Cessna akwai na duba ƙarfen da kujera ke zamewa a kai duk bayan awa 100. A wasu nau'o'in Piper PA-28 akwai na duba ginshiƙin fiffike, wanda ya fito a ƙarshen 2020 bayan fiffiken wani jirgin makaranta ya cire a Daytona Beach a 2018, kuma lissafinsa yana ƙirga awannin da jirgi ya yi a aikin koyarwa da nauyi fiye da na mai zaman kansa. Wanda zai sa Piper a makaranta lalle ya san inda jirgin yake a wannan lissafi.

Mataki na 6: Kai shi wurin bakanikenka

Rubuta takardar ciniki da ta ce sayen ya rataya ne a kan sakamakon bincike, a ajiye kafin alƙalami a hannun kamfanin riƙon amana, ba a hannun mai jirgi ko dillali ba. Bakaniken da zai duba ya zama wanda bai taɓa yi wa jirgin aiki ba kuma ba abokin mai sayarwa ba ne. Idan zai yiwu, a sa bakaniken makarantar da za ta karɓi jirgin ya halarta, domin shi ne zai fito da jerin gyare-gyare ranar da ka kai, gara ka ji su tun kuɗinka na hannunka.

A inji za a gwada matsin kowace silinda da iska mai matsin psi 80, a zura siririyar kyamara ta ramin fulogi a dubi bawul da bangon silinda, sannan a yanke filtar baƙin mai a warware takardar cikinta a ƙarƙashin fitila. Idan aka ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli, aka kanga maganaɗisu ya kama, to akwai abin da ke cinyewa a ciki, kuma maganar farashi ta sauya. A gangar jiki za a buɗe murafan dubawa na fiffike da wutsiya a haska tocila, ana neman farin garin da ke nuna alminiyam ya fara ruɓewa, abin da ya fi yawa a jiragen da suka zauna a bakin teku. A Cessna a duƙa a dubi bangon ƙarfen da ke bayan inji, wurin da ƙafar gaba ta kama: idan ya yi tamoji, an taɓa dira da shi a kan tayar gaba da ƙarfi. Daga nan a tashi da shi awa guda tare da malami, a kunna kowace na'ura a ga tana aiki.

Gargaɗi: kalmar “an yi masa binciken shekara kwanan nan” ba ta maye gurbin wannan mataki. Binciken shekara yana nuna jirgin ya cika mafi ƙarancin sharaɗin tashi ne a ranar da aka sa hannu, bai ce komai a kan kuɗin da zai ci a wata shida masu zuwa ba.

Mataki na 7: Inshora, biya da rajista

Nemi farashin inshora kafin ka biya kuɗin jirgi. Inshorar jirgin da ɗalibai ke haya takan ninka ta mai zaman kansa sau da yawa, kuma sau tari makaranta ce ke sa jirgin a cikin tata inshorar ta cire kuɗin daga rabonka. Idan haka ne, karɓi kwafin takardar ka karanta: sunanka ya fito a matsayin wanda aka rufe kuma wanda za a biya idan jirgin ya lalace, darajar da aka sa wa jirgin ta yi daidai da abin da ka kashe, kuma tashinka na kanka yana ciki. Abin da aka saba gani na diyyar wasu shi ne dala miliyan 1 a hatsari guda, da iyakar dala 100,000 ga kowane fasinja.

Kamfanin riƙon amana zai bincika ko akwai bankin da aka jinginar wa jirgin ba a warware ba, domin tsohon bashi yana bin jirgi ne, ba mai shi na da ba. Shi ne kuma zai shigar da takardar sayarwa, fom 8050-2, da takardar neman rajista, fom 8050-1. Kuɗin rajistar dala 5 ne kacal, kuma tun 2023 tana yin shekara 7. Harajin saye na jiha shi ne mai nauyi, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha, sai a tambayi akanta wanda ya san harkar jirage, a tambaye shi kuma ko ya dace a sa jirgin a ƙarƙashin ƙaramin kamfani.

Mataki na 8: Rubuta yarjejeniyar haya

A nan ne riba da asara suke, don haka kada ka sa hannu a takardar da makaranta ta miƙo ba tare da lauya ya karanta ba. Abu na farko shi ne agogo. Jirgi yana da agogo biyu: na Hobbs, wanda ke tafiya kamar agogon hannu muddin inji na kunne, da na juyin inji, wanda ke tafiya a hankali idan inji na aiki ƙasa-ƙasa. Ɗalibai da na Hobbs suke biya, gyara kuma da na juyin inji ake ƙirga shi. A rubuta cewa kai ma da na Hobbs za a biya ka; idan aka karɓa da wannan aka biya ka da wancan, an rage maka wani kaso a kowace awa ba ka sani ba.

Na biyu shi ne gyara. A sa iyakar kuɗi, misali dala 500, wadda in gyara zai wuce ta sai an kira ka ka amince. A rubuta kuɗin aikin bakanike a awa, da ribar da za a ɗora a kan kayan gyara, da haƙƙinka na kai jirgin wata rumfa idan aikin babba ne. Makarantar da ke da rumfar gyara tata tana cin kuɗi ta fuska biyu, idan jirgin ya tashi ta ci la'ada, idan ya lalace ta ci kuɗin gyara, kuma wannan sharaɗi ne kaɗai zai tsare ka.

Na uku shi ne ɓarna. Ɗalibi zai taka birki da ƙarfi ya cinye gefen taya, zai bar makunni a buɗe batir ya mutu, wata rana kuma farfela za ta daki ƙasa, wanda ke wajabta a sauke inji a buɗe a duba. A fayyace wa zai biya kason da inshora ba ta biya, da ko makaranta tana tilasta wa masu haya su yanki inshorar kansu. Sai sauran sharuɗɗa: wa ke yanke farashin haya kuma yaushe ake sake duba shi idan mai ya tashi, nawa za ka biya idan kai ne ka tashi, kwana nawa za ka iya ɗauke jirgin don doguwar tafiya, ranar da za a biya ka a kowane wata, ko an yarda a sauka a filin da ba kwalta, da kuma sanarwar kwana 30 ko 60 ga duk wanda ke son janyewa. Idan makaranta ta yi alkawarin mafi ƙarancin awanni a wata, a rubuta. Idan ta ƙi rubutawa, ka ɗauki alkawarin a matsayin fata kawai.

Gargaɗi: jirgi kaɗai kake bayarwa haya. Ranar da ka haɗa jirgi da matuƙi ka kai wani wani wuri ya biya ka, ka shiga jigilar fasinja, wadda ke buƙatar shaida ta daban a ƙarƙashin sashe na 135 na dokokin FAA. FAA tana ƙwace lasisi a kan wannan, inshora kuma ba za ta biya ba.

Mataki na 9: Riƙe gyara da asusun inji

Jirgin da makaranta ke koyarwa da shi dole a yi masa cikakken bincike duk bayan awa 100, ban da na shekara-shekara wanda sai bakanike mai izini na musamman ke sa wa hannu. Jirgin da ke yin awa 60 a wata zai shiga rumfa kusan sau bakwai a shekara, kuma kowace shiga kwana biyu ne ko uku ba ya kawo komai, don haka a roƙi a riƙa sa shi a tsakiyar mako. Ana juyen baƙin mai duk awa 50, kuma yana da kyau a riƙa aika ɗan samfurinsa ɗakin gwaji, domin hauhawar ƙarfe a cikinsa tana nuna matsala tun kafin kunne ya ji. Na'urar da ke nuna wa hasumiya inda jirgi yake da ma'aunin tsawo ana gwada su duk wata 24, na'urar kiran agaji duk wata 12.

Buɗe asusun banki na daban don inji, kuma duk wata ka zuba kason awannin da aka yi kafin ka taɓa sauran. Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne su ga kuɗi na shigowa wata-wata su ɗauka riba ce, alhali injinsu ne ake saya a hannunsu awa-awa. Injin da ya rage masa awa 1,000, a aikin makaranta mai cike da ɗalibai, bai fi shekara ɗaya da rabi ba zai kai iyaka, kuma ko da doka ba ta tilasta garambawul a daidai wannan adadi ga irin wannan aiki ba, makarantu da kamfanonin inshora da yawa suna tilastawa. Garambawul kan ɗauki watanni, don haka a kama layi tun da sauran awa 200.

Mataki na 10: Tara awannin da ake ƙirgawa

Awa ba duka ɗaya ba ce. Lasisin neman kuɗi yana son awa 100 da kai ne shugaban jirgi, 50 daga ciki na tafiya tsakanin garuruwa, kuma ba a ƙirga tafiya sai an sauka a filin da ya wuce mil 50 na teku daga inda aka tashi. Yana son awa 10 a jirgi mai naɗe tayoyi ko mai na'urorin zamani da matuƙin kai, abin da tsohon 172 ba lalle ya cika ba. Lasisin manyan jirage, wato na awa 1,500, yana son awa 500 na tafiya, 100 na dare, 75 na tuƙin na'ura, da 50 a jirgi mai inji biyu, wanda dole ka yi hayarsa a wani wuri. Saboda haka kada ka ɓata awanninka kana zagaye fili ɗaya. Tsara kowace tashi ta zama tafiya, rabinta da dare in zai yiwu.

Tashi a lokacin da ɗalibai ba sa so, da asuba, da dare, da tsakiyar mako. Duk Asabar ɗin da ka riƙe jirgin ka hana kanka kuɗin haya na awa biyar ko shida. Akwai kuma hanyar raba kuɗi da doka ta yarda da ita: matuƙa biyu masu lasisi su tashi tare, ɗaya ya sa tabarau mai hana ganin waje yana tuƙi da na'ura, ɗayan yana sa ido a matsayin shugaban jirgi, kowa ya rubuta lokacin da aka yi da tabarau. A yi yarjejeniyar wane ne shugaba tun a ƙasa, a rubuta sunan mai sa ido a littafi. Bayan awa 250, yawancin matuƙa lasisin koyarwa suke yi, domin daga nan ana biyansu ne su tara awanni. Mai jirgi a makaranta yana iya koyarwa a cikin nasa, idan izinin aikinsa da inshora sun ba da dama.

Gargaɗi: rubuta littafin awanninka ranar da ka tashi, da lambar jirgi da filayen da ka sauka, kuma ka ajiye rasiɗan mai da takardun wata na makaranta. Mai jirgin kansa shi aka fi tuhuma da ƙarin awanni, kuma wanda zai koma gida ya mayar da lasisinsa na hukumar NCAA ta Najeriya, ko ya nemi aiki a kamfani, za a bi littafin shafi-shafi.

Mataki na 11: Janyewa da sayarwa

Fara shirin fita wata shida kafin lokacin da kake so. Ba makaranta sanarwa yadda yarjejeniya ta ce, a yi binciken miƙawa a gabanka, a kwatanta da hotunan da ka ɗauka ranar da ka kawo jirgin, kuma ka karɓi littattafan tarihi duka a hannunka kafin a yi lissafin ƙarshe, domin rumfar da ke bin ka kuɗi tana iya riƙe jirgi ko ta shigar da jingina a kansa. Mai saye zai rage kuɗi gwargwadon awannin da inji ya ci da yadda kujeru da fenti suka gaji, don haka abin da ke cikin asusun inji shi ne zai cike wannan giɓi. Tambayi makarantar da sauran masu jirage a filin tukuna, domin jirgin da aka san tarihinsa kuma yana kan aiki yakan samu mai saye a nan ba tare da la'adar dillali ba. Idan an yi ciniki, a sake bi ta kamfanin riƙon amana, a cika fom 8050-2 da sunan sabon mai shi, a sanar da FAA cewa jirgin ya bar hannunka, kuma kada a soke inshora sai kuɗi sun shiga asusunka.